Libar Roba Ko Ta Ƙarfe: Wacce Ta Dace Da Tayar Kekenka?

Idan taya ta yi faci, ko ta cinye ana son sauya ta, aikin da ya fi cin rai shi ne raba ta da rim. A nan ne hannu ke kai wa ga duk abin da ke kusa: sukundireba, bakin sifana, mariƙin cokali. Ita kuwa liba, wato ɗan sandan da ake ɗaga gefen taya da shi daga rim, don wannan aikin kaɗai aka ƙera ta, kuma iri uku ake samu: ta roba zalla, ta roba mai ƙashin ƙarfe a ciki, da ta ƙarfe zalla. Mutane da yawa tun daga gani suke raina ta roba. Ba ta da nauyi, tsawonta bai cika wuce santimita 11 ko 12 ba, ga shi kusan duk mai keke ya taɓa ganin wadda ta karye. To, tana aiki kuwa?

Tana yi ƙwarai. A kan rim na alminiyam ko na kabon (zaren kabon da aka shimfiɗa ninki-ninki aka ƙame), wato akasarin kekunan da ake ƙerawa yanzu, ita ce ma ta fi dacewa. Sai dai tana da iyaka, kuma ba za a gane inda iyakar take ba sai an san abin da ke riƙe taya a kan rim. Yawancin libobin da ke karyewa, aikin da aka ɗora musu ne ya karya su, aikin da bai kamata a ɗora wa kowace irin liba ba.

Abin da ke riƙe taya

Kowace taya tana da leɓe biyu, ɗaya a kowane gefe, su ne ke zama cikin rim. A cikin kowane leɓe akwai zobe: ko na wayar ƙarfe, ko na zaren aramid da aka fi sani da Kevlar, wanda ake sa wa tayoyin da ake iya naɗewa. Ko wanne ne, zoben nan ba ya miƙewa. Da yana miƙewa, da iskar da aka ba tayar ta fisge ta daga rim tun kafin a hau keken.

Duba gefen tayarka, za ka ga lamba irin 37-622. Ta farko faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu kuma faɗin da'irar wurin da leɓe ke zama ne, daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Da'ira mai faɗin milimita 622, kewayenta ya kai kimanin milimita 1,954. Bangon rim kuwa ya ɗara wannan mazauni tsayi da milimita 5 zuwa 6, don haka kewayen bakin rim yana kusa da milimita 1,990. Wato ana son zoben da ba ya miƙewa ya haye bangon da ya fi shi kewaye da kusan milimita 35. Da ƙarfi kaɗai wannan ba zai yiwu ba, sai dai wani abu ya lalace: ko liba, ko rim, ko zoben.

Maganin yana jikin rim ɗin kansa. A tsakiyarsa akwai kwarmi da ya zagaye shi gaba ɗaya, inda ramukan sifok suke, wato wayoyin wili. Wani ɗan Ingila mai suna Charles Kingston Welch ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1890, shekara biyu bayan John Boyd Dunlop ya fito da tayarsa mai iska: leɓe mai waya, da rim mai kwarmi a tsakiya. Tare aka ƙirƙiro su, kuma har yau tare suke aiki. Kwarmi mai zurfin milimita 3, kewayensa ya gaza na mazaunin leɓe da kusan milimita 19. Idan leɓe ya faɗa kwarmin a duk zagayen wili, sai rarar ta taru a wuri ɗaya, a nan ne za a iya ɗaga shi ya haye bango. Aikin liba shi ne ɗaga wannan rarar da aka riga aka tara. Idan ba a tara ta ba, libar tana kokawa ne da wayar ƙarfe kai tsaye, kuma ta roba ce za ta fara faɗuwa.

Libar roba a hannu

Libobin roba na kirki da nailan mai tauri ake zuba su, wasu a gauraya shi da zaren gilashi don ya ƙara tsayawa. Bambancin da ke tsakanin mai kyau da marar kyau yana da girma ƙwarai, har ya fi wanda ke tsakanin mai kyau ta roba da ta ƙarfe. Sirara da ake tusawa cikin ƙaramin kwalin faci sau da yawa robarsu laushi gare ta: ka danna, ta lanƙwashe kamar ganye, bakin ya zame daga ƙarƙashin leɓe, bayan yatsunka su daki sifok. Irin waɗannan ne suka ɓata wa libar roba suna.

Abin da za ka duba kafin ka zaɓa yana wuri uku. Na farko baki. Ana son ya zama siriri a tsininsa yadda zai kutsa tsakanin leɓe da bangon rim, sannan ya yi ɗan lanƙwasa kamar cokali yadda zai tallafi leɓen ba ya suɓuce ba. A nan akwai ciniki da ba a kauce masa: baki mai kauri ya fi juriya amma yana ƙin shiga matsattsiyar taya, kuma kaurinsa yana cinye ɗan rarar da aka tara; baki siriri yana shiga ko'ina amma shi ke fara guntulewa. Na biyu wuya, wato santimita biyu na bayan baki, inda liba ke jingina da bangon rim. A nan kusan duk karaya ke faruwa. Mai kyau za ka ga an yi mata haƙarƙari ko an kaurara gefunanta a wannan wuri. Riƙe ta da hannu biyu ka gwada lanƙwasawa: ta ɗan ba da kai kaɗan ta dawo, shi ke nan. Wadda ta karkata cikin sauƙi, ajiye ta. Na uku faɗi. Liba mai faɗi tana raba nauyi a kan bangon rim da kan leɓe, ba ta tara shi a ɗigo ɗaya.

Misalai sanannu suna nuna wannan ciniki a fili. Park Tool TL-1.2 siririya ce, uku-uku ake haɗa ta, tana da ƙugiyar maƙalewa a sifok, ta dace da tayoyi na yau da kullum. TL-4.2 ta kamfanin ta fi faɗi da falalen baki, bibbiyu take zuwa. Ta Pedro's faffaɗa ce mai kauri, ta yi suna wajen jure matsattsun tayoyi, amma saboda kaurin nan wani lokaci sai an yi dabara kafin ta shiga. Ta Schwalbe kuma falala ce mai wani ɗan maƙali da ke kama bakin rim, wanda amfaninsa ke fitowa lokacin mayar da taya, za mu zo kansa.

Kafin ka fara aiki da sabuwar liba, shafa bakinta da yatsa. Sau da yawa akwai ɗan siririn tudu da ya rage a inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Wannan ɗan tudun yana iya yanka tif, wato robar cikin taya da ke riƙe iska. Goge shi da samfefa mai laushi, minti ɗaya ya isa.

Roba tana ba da sanarwa kafin ta karye, wannan kuma yana cikin manyan alfanunta. Idan kana dannawa ka ga wuyan libar ya fara yin fari-fari, kamar an ja masa layi da alli, robar ce ta fara tsagewa a ciki. Tsaya nan. Sassauta, ka koma ka sake tura leɓe cikin kwarmi. Wadda aka gauraya da zaren gilashi ba ta cika lanƙwasa sosai ba, takan tsaya ƙyam har zuwa lokacin da za ta ɓalle lokaci guda, don haka da ita a kawar da fuska daga saitin aikin.

Yanayi ma yana taɓa ta. Tsananin sanyi yana sa roba ta yi gautsi. Daɗewa a hasken rana yana cin nailan sannu a hankali, launi ya koɗe, jiki ya yi kaushi. Nailan kuma yana shan ɗan laima daga iska, laimar ce ke ba shi sauƙin lanƙwasa. Wanda ya bushe ƙarau ya fi saurin tsagewa. Libar da ta shekara da shekaru a jakar da rana ke duka, kada a dogara da ita a tafiya mai nisa.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton libar roba ba ta huda tif. Tana hudawa. Idan tif ya shiga tsakanin bakinta da bangon rim aka danna, za ta tsaga shi kamar yadda ƙarfe zai yi, sai dai ta ƙarfe ta fi saurin yi. Alamar ita ce ƙaramar tsaga, ko biyu kusa da juna, a gefen tif ɗin, ba a saman da ke fuskantar ƙasa ba. Wanda ya gama faci ya ba da iska ya ji tana fita ta sabon wuri, yawanci wannan ne ya faru.

Ta ƙarfe: ƙarfin da ya wuce buƙata

Liba tana ninka ƙarfin hannu ne gwargwadon tsawonta. Bakinta yana kama leɓe kimanin santimita ɗaya daga inda ta jingina da rim. Idan mariƙin ya kai santimita 10, ƙarfin hannu ya ninku sau goma: ka danna da nauyin kilo 10, leɓe da bangon rim su ji kamar kilo 100. Libar ƙarfe ta wurin gyara, irin Park Tool TL-5 mai tsawon kimanin santimita 20, ninki ashirin take yi, kuma ba ta lanƙwasa balle ta gargaɗe ka. Hannu ya ɗan ƙara nauyi kaɗan, sai ka ga kilo 300 a kan ɗan wurin da bai fi faɗin farce ba.

Ƙarfe ya fi alminiyam tauri, don haka rim ne ke ɗaukar rauni. Bayan an yi aiki da ta ƙarfe ko sukundireba, bi bakin rim ɗin da farce a hankali. Za ka ji inda farcen ya sarƙe: ɗan ƙaramin tsini da ya tashi, yana ƙyalli sabo. Wannan tsinin yana goga gefen taya a duk juyawar wili, yana cin zarenta daidai saman leɓe, har wata rana gefen ya kumbura ko ya fashe. Idan keken mai birkin da ke kama rim ne, lotsawar da ta fito waje za ta sa birki ya riƙa fisga a kowane zagaye, tana kuma cin robar birki. Ƙaramin tsini ana iya goge shi da magagari mai laushi. Bangon da ya lotsa kuwa da wuya ya koma daidai yadda yake.

A kan rim na kabon maganar ta fi haka tsanani. Kabon ba ya lotsawa, ɓantarewa yake yi ko shimfiɗunsa su rabu a ciki inda ido ba ya gani. Kada ƙarfe tsirara ya taɓa shi ko sau ɗaya. Haka nan tayoyin tubles, waɗanda ba su da tif: iskarsu tana tsayawa ne saboda siririn tef da aka liƙe ramukan sifok da shi, da kuma laushin leɓen da ke manne da rim. Bakin ƙarfe yana yage tef ɗin ko ya ɓare robar leɓe, daga nan iska ta riƙa zurarewa ta ramin bawul, mutum ya yi ta zargin bawul alhali raunin yana wani wuri daban.

Akwai kuma raunin da ke samun tayar kanta. Leɓe mai waya da aka yi wa dole yakan tanƙware a wuri ɗaya, ya ƙi zama daidai har abada, taya ta riƙa rawa. Idan wayar ta tsinke a ciki, tayar ta tashi aiki ko da sabuwa ce, domin tana iya ficewa daga rim ana cikin tafiya.

Duk da haka ta ƙarfe tana da wurinta, kuma a wurin nan babu mai maye ta. Rim na baƙin ƙarfe, irin na tsofaffin kekuna masu birkin sanda da ke ɗaukar taya 28 x 1½, wato mai lamba 635, ba ya jin tsoronta; iyaka ta kankare fenti ko ƙyallin da aka shafa masa, sai a kula da tsatsa daga baya. Tayar da ta shekara a kan irin wannan rim, robarta ta ƙandare, tsatsa ta manne leɓe da bango, libar roba ba za ta iya ko shiga ba. Tayoyin kekunan ɗaukar kaya da na gangaren duwatsu masu gefe ninki biyu su ma sukan fi ƙarfin ƙaramar liba. Sannan mai gyara da ke cire taya da yawa a yini zai cinye libobin roba da sauri. Ko a nan, a zaɓi ta ƙarfe mai faffaɗan baki da aka goge gefunansa suka yi sumul. Sukundireba ba liba ba ce: bakinta mai kusurwa ne, an yi shi don ya ciji ƙarfe.

Akwai libobin alminiyam ma. Ba su da nauyi, ba sa tsatsa, amma alminiyam a kan alminiyam yana kankarar juna, don haka a lissafa su cikin na ƙarfe.

Mai ƙashin ƙarfe

Wannan ita ce ta tsakiya: farantin ƙarfe a ciki, roba a waje, kamar Park Tool TL-6.2. Ba ta lanƙwasa, ba ta karyewa a wuya, kuma abin da ke taɓa rim roba ne. Ga mai fama da matsattsun tayoyin tubles a kan rim na alminiyam, zaɓi ne mai ma'ana. Lahaninta biyu. Robar da ke bakin takan tsage ko ta saɓule bayan an daɗe ana aiki, ƙarfen ya leƙo, kuma gefensa ya fi na libar ƙarfe ta asali kaifi tunda ba a goge shi don ya taɓa rim ba. Sai a riƙa duba bakin kafin kowane aiki. Na biyu, ta kawar da gargaɗin nan na roba. Za ta bar ka ka danna har inda rim na kabon ba zai jure ba, ko da ba ta kankare shi ba.

Yadda ake aiki da ta roba har ta daɗe

Fitar da iska gaba ɗaya. Idan bawul ɗin Presta ne, siririn nan, kwance ɗan kansa ka danna, ka kuma cire zoben da ke ɗaure shi da rim. Idan Schrader ne, irin na mota, danna allurar ciki kana matse tayar. Idan Dunlop ne, kwance murfin ka zaro cikinsa. Ɗan iskar da ta rage a tif tana tura leɓe waje daga kwarmi, ita kaɗai ta isa ta hana aiki.

Sai ka bi tayar da manyan yatsu biyu, kana tura gefenta zuwa tsakiya, taƙi bayan taƙi har ka zagayo. A kan rim na tubles leɓen yana zaune ne a kan wani ɗan dandamali mai tudu a gefe, sai ka ji ƙas lokacin da ya sauka. Idan ya ƙi, kwantar da wilin a kan katako biyu ka danna gefen tayar da gindin tafin hannu, ko da diddige a hankali, kusa da rim amma ba a kansa ba. Idan wilin mai birkin faifai ne, faifan ya kalli sama don kada ya tanƙware. Wasu rim ɗin kwarminsu ƙunci gare shi, leɓe ɗaya kawai yake ɗauka. Leɓen da kake son cirewa shi za ka ba tsakiyar, ɗayan ya koma gefe.

Wurin da za a sa liba yana da muhimmanci. Gindin bawul yana tsaye a tsakiyar kwarmi, yana hana leɓe faɗawa a wannan wuri. Tunda ɓangaren da ke nesa da liba shi ake so ya nutse sosai, sai a sa libar kusa da bawul, kamar sifok biyu ko uku daga gare shi. Tsayar da wilin a ƙasa, bawul a sama, ka shafo tayar da hannu biyu daga ƙasa zuwa sama don rarar ta taru inda za ka yi aiki.

Cusa bakin libar ƙarƙashin leɓe ɗaya kaɗai, iya abin da zai kama shi, kada ka zurfafa. Idan tayar mai sauƙi ce, danna mariƙin ƙasa, ka maƙala ƙugiyar a sifok, ka sa ta biyu santimita 5 zuwa 10 daga ta farko, ka danna, sannan ka ja ta a kewayen rim. Idan matsattsiya ce, da zarar ta farko ta ɗaga leɓe, sauran zai ɗaure tamau har ta biyu ta rasa wurin shiga. Dabarar ita ce a cusa duka biyun tun kafin a danna ko ɗaya, tazarar kamar santimita 5, sannan a danna su tare. Nauyin ya rabu biyu ke nan, kuma wannan kaɗai yana ceton libobi masu yawa. Ta uku ba ta zama dole ba sai a taya mai taurin kai, inda ake sa ta gaba, ta tsakiya ta faɗo, a sake kai ta gaba. Ƙugiyar ba ta kama sifok masu faɗi ko rim mai zurfi sosai, a nan sai a riƙe da hannu.

Wajen mayarwa, fara gwadawa ba liba. Sa leɓe ɗaya, ba tif ɗan iska iya wadda zai yi zagaye ba ya naɗe ba, shigar da shi, sannan ka fara tura leɓe na biyu daga ɓangaren da ya fi nisa da bawul, ka ƙare a wurin bawul. Idan ya rage kamar taƙi ɗaya ya ɗaure, saki iskar tif ɗin, ka koma ka sake matse duk abin da ya shiga zuwa kwarmi, ka shafo rarar zuwa sama. Sau biyu ko uku ana wannan, kowane zagaye yana ba da 'yan milimita. Ragowar a mirgina shi da gindin tafin hannu, ba da kan yatsa ba. Ruwan sabulu kaɗan a leɓe yana taimakawa ƙwarai. Kada a sa giris, baƙin mai ko fetur: suna lalata robar taya, suna sa ta zamewa a kan rim har ta fisge bawul, kuma suna kashe birki. Sabuwar taya da aka ajiye a rana na ɗan lokaci ta fi laushi a hannu.

Idan dole sai da liba, a ɗan ciza kaɗan-kaɗan daga ƙarshen ɓangaren da ya rage, santimita 2 ko 3 a kowane ɗagawa, ba daga tsakiyarsa ba. Tsakiyar ce ke karya liba. Kada mariƙin ya wuce tsaye sosai zuwa cikin wili, domin daga nan bakin ke juyawa ya danne tif. Ɗaya ƙarshen kuma yakan riƙa zamewa yana fita yayin da kake shigar da wannan. A nan maƙalin libar Schwalbe ke aiki, ko a ɗaure tayar da rim da igiya. Tayoyi masu kaurin kariya irin Schwalbe Marathon Plus, mai shimfiɗar milimita 5 a ƙarƙashin tafinta, suna yawan buɗewa su fito daga kwarmi da kansu. Igiya uku ko huɗu da aka ɗaure a kewayen wili suna riƙe leɓen a tsakiya har a gama.

Ga wanda hannunsa ba shi da ƙarfi, ko tayarsa kullum matsattsiya ce, akwai kayan da aka yi don mayarwa kaɗai, kuma da roba aka yi su. Kool Stop Tire Bead Jack da makamancinsa na kamfanin VAR suna dafa ƙafa ɗaya a bangon rim na can gefe, ɗaya ƙafar ta ƙugiyo leɓe daga waje ta jawo shi sama. Ba abin da ke shiga cikin tayar, don haka tif ba ya cikin haɗari. Wannan ya fi muhimmanci ga sirarun tif na robar latex da na TPU (wata roba mai kama da leda), waɗanda ɗan cizo kaɗan ke hudawa. Tayoyi masu faɗi sosai dai ba sa shiga tsakanin ƙafafun.

Bayan an gama, tura bawul ciki ka sake shi don gindinsa ya hau saman leɓe, sannan ka bi gefe biyu kana leƙawa ko tif ya leƙo ƙarƙashin leɓe. Ba da iska kaɗan, kamar bar 1, wato psi 15 a ma'aunin famfo, ka juya wilin kana kallon siririn layin da ke gefen taya: ya kasance tazararsa da bakin rim ɗaya ce a ko'ina. Sai a cika.

Idan duk an yi haka ta ƙi

Kafin ka nemi doguwar liba, duba abu biyu. Na farko tef ɗin cikin rim. Tef da ya ƙara kaurin rabin milimita yana cinye sama da milimita 3 na kewaye, kuma tef na yadi mai kauri, ko wanda aka naɗa ninki uku, yana iya cike kwarmi marar zurfi. Sauya shi da siriri yakan mayar da taya mai taurin kai ta zama mai shiga da hannu. Na biyu lamba. Sunayen inci suna ruɗarwa: akwai tayoyi biyu da ake kira 28, ɗaya 622 ɗaya 635, mai suna 27 kuma 630 ce, cikin masu suna 26 akwai 559 da 590 da wasunsu. Tayar 622 ba za ta taɓa hawa rim na 630 ba, bambancin kewayensu ya kai milimita 25. Wanda ya dage da ta roba, liba zai rasa. Wanda ya dage da ta ƙarfe, zai iya rasa taya da rim tare.

Wacce za ka ɗauka

Rim shi ke fara yanke hukunci, taya ta biyo baya. Mai rim na kabon, roba zalla, faffaɗa, guda biyu, tare da kayan jawo leɓe idan tayar matsattsiya ce. Mai rim na alminiyam da taya mai tif, ko ta gari ce ko ta tsere ko ta daji, libar roba mai kyau guda biyu ko uku sun wadatar, kuma nauyinsu duka bai kai na ƙaramin sifana ba. Mai tubles a kan alminiyam, ko wanda ya sa soso mai kare rim a cikin taya, ya fara da faffaɗar roba mai kaurin wuya, ya ajiye mai ƙashin ƙarfe a gida don ranar da ta ƙi. Mai rim na baƙin ƙarfe da taya mai waya yana iya amfani da kowacce. Idan tayar tsohuwa ce da ta manne, ko keken na kaya ne, ta ƙarfe mai sumul ɗin baki ta fi. Mai gyaran kekunan mutane kuwa yana buƙatar duka ukun, ya fara miƙa hannu ga ta roba, ya koma ga sauran bayan ya duba irin rim ɗin da ke gabansa.

A jakar tafiya a sa uku maimakon biyu, don idan ɗaya ta guntule a hanya a samu biyun da za a danna tare. Kuma duk lokacin da aka sa sabuwar taya ko aka sauya wili, a gwada cire ta da mayar da ita sau ɗaya a gida, da ainihin libobin da ke cikin jakar. Idan sun cire ta ba tare da wuyansu ya yi fari ba, sun isa. Idan sun yi, a sauya tef ko a nemi masu faɗi kafin a fita.